Sunan Wani a Kan Kayanka

'Yan'uwa, da yawa daga cikin kwamfutocin da mu ke aiki da su a gidajenmu da makarantunmu na hannu ne. Waɗansu daga Turai ko Amurka su ke fitowa, su sauka Legas, a baje su a kasuwar Computer Village ta Ikeja, daga can 'yan kasuwa su hau da su Kano da Kaduna da Jos. Waɗansu kuwa maƙwabci ne ya sayar domin wata bukata ta taso masa. Mutum ya kan tara kuɗinsa, ya saya, ya kai gida da murna. Da ya kunna, sai ga sunan wani baƙo ya fito a fuskar na'urar. Nan da nan ya soma tambaya, "Ƙaƙa zan cire sunan nan in sa nawa?" Wannan tambaya ƙarama ce, mai gyara ya kan amsa ta cikin minti biyu. Amma akwai wata a bayanta wadda mai gyara ba ya amsawa: sa'anda ka sayi kwamfutar wani, me ka saya, me kuma ba ka saya ba?

Bari mu fara duba abin da sake suna ya ke yi. A cikin Windows, na'ura ba da suna ta ke gane mutum ba. Kowane asusu yana da doguwar lamba tasa, mai farawa da S-1-5-21, da ita a ke sanin wanda ya ke da ikon buɗe wannan ko wancan. Sunan da ka ke gani kamar allon da a ke kafawa a ƙofar shago ne. In ka sake shi, lambar tana nan yadda ta ke. Jakar da aka buɗe wa mai shi na fari, inda takardunsa da hotunansa su ke, ita ma tana nan da tsohon sunan. Kalmomin sirri da ya bar wa na'urar ta riƙe masa ba su tafi ko'ina ba. Watau ka goge sunan mai ɗaki daga ƙofa ka rubuta naka, amma akwatinsa yana ƙarƙashin gado, mabuɗinsa kuma yana rataye a ƙusa.

To, magana ta fari ke nan: kana da ikon taɓa sunan nan? In ciniki na gaskiya aka yi, lalle kana da shi. Wanda ya sayi gida ba ya rokon kowa izini kafin ya shafe shi da farar ƙasa. Sai dai mu tuna, mutum biyu ne su ke ɗokin cire sunan mai abu na fari, watau wanda ya saya da halaliyarsa, da ɓarawo. Aikin hannunsu ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne yadda abin ya zo musu. Domin wannan, kafin ka tambayi yadda za a cire suna, ka tambayi mai sayarwa inda ya samo na'urar. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar da kamfani ya buga a jikinta. In an ce maka kwamfutar da a ke sayarwa da tsada za a bar maka a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta, ba caja, ba takarda, mai sayarwa kuma bai san kalmar buɗe ta ba, zuciyarka ta riga ta gaya maka abin da ke nan. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dokar Nijeriya ta hana karɓar kayan sata da sani, ko ba doka ma, wanda ya rufe ido da gangan ya saya ya taya ɓarawo ƙarasa aikinsa. Ɓarawo ya ɗauke na'ura, kai kuwa ka share alama ta ƙarshe da mai ita zai gane ta da ita. Masu ƙera na'urori sun san wannan. Tun 2013 kamfanin Apple ya sa wa wayoyinsa wani kulle wanda ba ya buɗuwa sai da asusun mai ita, a 2019 kuma ya kai shi ga sababbin kwamfutocinsa. In ka tarar da irin wannan kulle, koma wurin wanda ya sayar maka, kada ka nufi wurin mai fasawa.

Yanzu a ce cinikin ba shi da aibi. Sauran abin da aka bari a ciki fa? Kada mu zaci abu ne da ba safai ya ke faruwa ba. A 2003 waɗansu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka buga sakamakon wani bincike. Sun sayi faifan ajiyar kwamfuta na hannu guda 158. Guda 129 suna aiki, amma 12 kaɗai aka goge sarai. A cikin sauran suka sami wasiƙun mutane, da bayanan asibiti, da lambobin katin banki fiye da 5,000. A 2009 kuma ɗaliban aikin jarida daga wata jami'ar Kanada suka sayi faifai a kasuwa a Gana a kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na wani babban kamfanin Amurka a ciki. Dalilin ba wuya. A faifai irin na dā mai juyawa, sa'anda aka ce an share takarda, sunanta kaɗai a ke cirewa daga jeri, rubutun kuwa yana nan sai ran da aka rubuta wani abu a kansa.

Wani zai ce, "Ai na biya kuɗina. Duk abin da ke ciki nawa ne." Amma mu gwada da abin da muka sani. Ka sayi riga a gwanjo, ka sa hannu a aljihu, ka ji wasiƙa. Da kai da mai gwanjo, rigar kuka yi ciniki. Ba wanda ya taya wasiƙa, ba wanda ya sallama ta. Ciniki ba ya wuce abin da mai sayarwa ya yi niyyar bayarwa, mai saye kuma ya yi niyyar karɓa. Abin da ya zo hannunka ta mantuwa ko rashin sani tsintuwa ce, iyayenmu kuwa sun san hukuncinta tun dā: a kan yi cigiya, ko a kai wa mai unguwa. Har an yi cigiya, abin amana ne a hannun wanda ya tsinta.

Wani kuma zai ce, "Laifinsa ne da bai goge ba." Gaskiya ne, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai sayarwa ya yi sakaci. Amma sakacin maƙwabcinka da ya bar ƙofa a buɗe bai zama izinin shiga ba.

Ga hujja ta uku, ita ce mai ƙarfi. "Mutumin nan yana Ingila, ban san shi ba, bai san ni ba. In na duba hotunansa, na karanta wasiƙunsa, ban gaya wa kowa ba, me ya rasa?" Kuɗi dai bai rasa ba. Amma kowane mutum yana da ikon zaɓen wanda zai ga cikin ɗakinsa, wannan iko ne ka ƙwace masa. Wanda ya leƙa ta katanga ya ga matan gida ya yi laifi tun kafin a kama shi, ko da ba a taɓa kama shi ba. Ban da haka, ido ya kan saba. Wanda ya koyi buɗe asirin baƙo domin ba mai ganinsa, gobe wayar matarsa ko ta abokin aikinsa za ta faɗo hannunsa, zai kuwa tarar hannun ya riga ya iya. Shiga akwatin wasiƙun mutumin ko asusunsa na banki da kalmar sirrin da ka tarar kuwa, wannan ya wuce leƙe, ya zama fasa gida, dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 kuma ta haramta shi.

Akwai wuri ɗaya mai wuya, bai kamata mu tsallake shi ba. A ce abin da ke ciki shi ne hotunan mahaifiyar wani da ta rasu, ko aikin shekara uku na ɗalibi, ba kuwa wani kwafi a duniya. In ka goge ba ka duba ba, ka yi masa hasarar da ba ta gyaruwa. In kuma ka duba domin ka san darajarsa, ka shiga inda ba a kira ka ba. Ina mafita? Wanda ya tsinci jakar kuɗi a hanya ya kan buɗe ta domin ya ga sunan mai ita, da ya gani sai ya rufe. Iyakarka ke nan. In mai na'urar na fari yana kusa, ko za a same shi ta wurin wanda ya sayar maka, aika masa ka ce, "Ka bar kaya a ciki. In kwashe maka, ko in goge?" Ka ba shi 'yan kwanaki. In kuwa ta ƙetaro teku, ta bi hannu biyar, ba hanyar samunsa, alherin da ya rage ka yi masa shi ne ka goge duka ba tare da ka karanta ba.

Yin haka ba wuya. Windows yana da hanyar mai da na'ura kamar sabuwa, inda za ka zaɓi a cire kome, a kuma goge faifan sarai. Ya kan ɗauki awoyi, amma shi ya fi sake suna. Kai ma kariya ce gare ka. In ka zauna cikin asusunsa, mai yiwuwa ne takardun da ka ke ajiyewa su riƙa hawa ma'ajiyarsa ta intanet, shi ya gani kai ba ka sani ba. Mai yiwuwa ne kuma mabuɗin kullen faifan yana cikin asusunsa, ran da na'ura ta nemi mabuɗin nan ba inda za ka samo shi.

Abu na ƙarshe, mai karatu. Kwamfutar da ke gabanka yau ba za ta tabbata a hannunka ba. Wata rana za ka sayar da ita, ko ka ba ƙanenka, ko ta lalace a kai ta wurin masu kwance kaya. A ranar, sunanka ne zai fito a gaban wanda ba ka sani ba, da hotunan 'ya'yanka, da lissafin bashinka, da wasiƙar da ka rubuta cikin fushi ba ka aika ba. Ka goge naka kafin ka rabu da ita. In kuwa ka manta, wane irin mutum ka ke fata ya kunna ta? To, ka zama shi yau.