Ɗokin Tikitin Barkwanci da Alhakin Mai Dariya

Wasan barkwanci na gaba da gaba, wato wanda mutum ɗaya yake tsayawa a kan dandamali da lasifika a hannu yana ba jama'a dariya da zance kaɗai, ya kafu a matsayin sana'a a Nijeriya tun bayan da Opa Williams ya fara shirya taronsa na dare a 1995, har aka kai ga irin su Ali Baba da Basketmouth da AY suna cika manyan ɗakunan taro a Legas da Abuja. Wanda ya samu tikitin ganin gwaninsa yakan shiga wani ɗoki na musamman, ya riƙa duba saƙon tikitin a wayarsa, yana kiran abokai don ya ji wa da wa za a je da su, alhali kuwa barkwancin wannan gwani yana nan kyauta a intanet. Wannan ne ya sa ya dace a tambayi abin da mutum yake saye a haƙiƙa, da kuma nauyin da sayen yake ɗora masa.

Jahiz, marubucin Basra na ƙarni na 9, ya lura a littafinsa na labarun marowata cewa dariyar wanda yake shi kaɗai ba ta kama ƙafar dariyar da ake yi da abokai, kuma masanin falsafa na Faransa Henri Bergson ya kai ga irin wannan fahimta a 1900, inda ya nuna cewa dariya aba ce ta taro wadda take buƙatar mai amsa mata. Binciken Robert Provine a Amurka ya ƙarfafa hakan, domin ya gano cewa mutum ya fi yin dariya a cikin jama'a da kusan ninki 30 a kan lokacin da yake shi kaɗai. Ashe ke nan abin da tikiti yake bayarwa shi ne kujera a tsakanin mutane, inda baƙo zai juyo ya haɗa ido da baƙo, kowanne yana share hawayen dariya, su ji na ɗan lokaci cewa abin da yake damun ɗaya, na tsadar rayuwa ko ɗauke wuta, shi ne yake damun ɗayan. Ɗokin da yake zuwa kafin ranar wasan ɗokin zumunci ne, kuma babu abin kunya a cikinsa.

Musulunci bai ɗauki dariya a matsayin aibi ba, domin Suratun Najmi ta jingina sanya dariya da sanya kuka ga Allah, kuma hadisai sun tabbatar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha ba tare da ya faɗi abin da ba gaskiya ba. Sai dai Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya mizahi, wato zolaya da wasan baki, a cikin illolin harshe a Ihya'u Ulumiddini, yana mai bayyana cewa abin zargi shi ne wuce iyaka da dawwama a kansa. Iyaka mafi tsanani ita ce wadda Suratul Hujurati ta gindaya, inda aka hana wasu mutane yi wa wasu izgili, wato mayar da su abin dariya don a ƙasƙantar da su. Masanin Ingila Thomas Hobbes ya hango wannan haɗari a 1651, da ya danganta dariya ga jin fifiko na farat ɗaya a kan wanda aka ga kasawarsa.

Idan dariya ta taro ce, to alhakinta ma na taro ne. Mai barkwanci yana auna ɗakin ne da kunnensa, abin da aka yi wa shewa ya maimaita shi gobe, abin da aka yi wa shiru ya yar da shi. Saboda haka idan ya kwaikwayi in'inar wani bawan Allah da yake zaune a sahun gaba, ɗakin ya kece da dariya shi kuma mutumin ya sunkuyar da kai, duk wanda ya tafa ya sa hannu a cin mutuncin, kuma kuɗin tikitinsa ne ya biya ladan aikin.

Hausawa suna da ma'auni a kan wannan a cikin wasan barkwanci na al'ada, irin na tsakanin Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari, wanda hukumar UNESCO ta sanya irinsa na Jamhuriyar Nijar a jerin al'adun duniya a 2014. Sharaɗinsa shi ne wanda aka zolaya yana da ikon ramawa, kuma a rabu kowa yana dariya. Mai hankali yana iya sayen tikitinsa da farin ciki, matuƙar ya zaɓi gwanin da yake kiyaye wannan sharaɗi, kuma ya shirya kame bakinsa idan aka karya shi, domin shirun 'yan kallo ya fi kowace hukumar tace wasanni saurin gyara harshen mai barkwanci.