Kafin Ka Sayi Fom, Ka Ji Labarin Ruwan Flint

Ɗana, wataƙila kana cikin waɗanda Allah ya buɗa wa a harkar kamfani, har mutane sun fara yi maka zarya suna cewa ai kai ne za ka gyara jiha, ko kuwa kana cikin masu cewa a kawo mana ɗan kasuwa mu huta da 'yan siyasa. Ban zo in sare maka gwiwa ba, domin na san niyyarka mai kyau ce, kuma wanda ya iya riƙe dukiya bai bari ta zurare ba lallai yana da abin da zai amfani jama'a da shi. Amma ka ɗan zauna in ba ka labarin wani mutum a jihar Michigan ta Amurka, sunansa Rick Snyder, saboda shi ma da irin wannan niyya ya shiga.

An haife shi a 1958 a garin Battle Creek, kuma yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, don kafin ya cika shekara 24 ya riga ya haɗa digiri uku a Jami'ar Michigan, har da na kasuwanci da na lauya. Ya yi aikin akanta a kamfanin Coopers & Lybrand, a 1991 ya koma kamfanin kwamfuta na Gateway inda ya kai ga zama shugaba, daga baya ya dawo garin Ann Arbor yana zuba jari a ƙananan kamfanoni masu tasowa. Bai taɓa tsayawa zaɓe ba sai a 2010, lokacin da jihar ke cikin ƙunci, manyan kamfanonin motocinta biyu, General Motors da Chrysler, sun karye a 2009, ma'aikata na zaune a gida. Ya fito a jam'iyyar Republican yana alfahari da cewa shi ɗan boko ne mai lissafi, ba ɗan siyasa ba, mutane kuwa sun gaji, suka zaɓe shi.

Kada ka ce bai yi komai ba. Ya riƙa kammala kasafin kuɗi a kan lokaci, kuma a zamaninsa birnin Detroit, da bashin kusan dala biliyan 18 a wuya, ya shiga kotun fatara a 2013 ya fito a ƙarshen 2014, abin da mutane da yawa suka ɗauka zai ci shekaru. Aka sake zaɓensa a 2014. Makamin da ya fi dogaro da shi wata doka ce da ta ba gwamna ikon naɗa kantoma a duk garin da lalitarsa ta ƙafe, kantoman da ke da iko sama da zaɓaɓɓen magajin gari da kansilolinsa. Mutanen jihar sun soke dokar a ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamban 2012, amma cikin 'yan makonni majalisa ta kawo wata mai kama da ita, wadda aka tsara yadda ba za a sake kai ta ƙuri'a ba, shi kuwa ya sa hannu. A idon manaja wannan daidai ne: reshen kamfani na asara, sai ka tura mutuminka ya je ya daidaita shi. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

A wancan lokacin, Flint gari ne a jihar mai mutane wajen dubu 100, akasarinsu baƙar fata, talauci kuma ya yi musu katutu tun da masana'antu suka watse. Shekara da shekaru suna sayen ruwan tafkin Huron daga hannun Detroit. A ƙarƙashin kantomomi aka yanke shawarar a koma wani sabon bututu mai araha, kafin a gama shi kuma a riƙa ɗiba daga kogin da ya ratsa garin. Ranar 25 ga Afrilu, 2014 aka juya ruwan. Akwai wani sinadari da ake zubawa a ruwa don ya yi wa cikin tsofaffin bututu ɓawo, kada ruwan ya ci ƙarfen, kuɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Ba a zuba shi ba. Ruwan kogin ya cinye ɓawon, dalmar da ke jikin bututun ta narke ta bi famfo ta shiga gidaje. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba: tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

To, ɗana, a nan nake so ka natsu. Mutanen Flint ba su yi shiru ba. Iyaye mata sun riƙa zuwa taron gari da gorunan roba cike da ruwa ja kamar an jiƙa tsatsa, suna ɗagawa sama, suna nuna ƙurajen jikin 'ya'yansu da gashin da ke zubewa, ana ce musu ruwa lafiyarsa lau, gwaji ya nuna. A watan Oktoban 2014 General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa ta injina saboda yana cin ƙarfe, ruwan da ake ci gaba da dama wa jarirai madara da shi. A Maris na 2015 kansilolin garin suka kaɗa ƙuri'a a koma ruwan Detroit, kantoma ya ce a'a, ya yi tsada. Sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito a watan Satumba da sakamakon jinin yara, su ma jami'an jiha da farko ƙaryata ta suka yi, sannan a Oktoba aka mayar da ruwan. Wata 18 ke nan. A tsakanin nan wata cutar huhu da ke yaɗuwa ta ruwa ta kashe aƙalla mutum 12.

Gwamnan ya ce labarin dalmar bai iso gare shi da gaske ba sai a ƙarshe. Ni ba alƙali ba ne, kuma ko da mun karɓi maganarsa yadda ya faɗa, ai can ne ciwon yake. Ka dubi shagonka. Idan ka sayar wa mace shinkafa mai tsakuwa, ba za ta rubuto maka takarda ba, gobe sai ka hange ta a shagon maƙwabcinka, ƙarshen wata kuma littafinka ya gaya maka gaskiya ko ba ka so. Shi ya sa ɗan kasuwa ke yarda da littafi, kuma yana da hujja, don littafin bai saba yi masa ƙarya ba. Amma matar da ke Flint ba ta da famfon maƙwabci, ba ta da kuɗin tashi daga garin, kuma takardar kuɗin ruwa na zuwa mata duk wata ko ta sha ko ba ta sha ba, saboda haka a littafin gwamnati komai daidai yake, har ma an samu rara. Hanya ɗaya da kukanta zai hau sama ita ce ta bakin kansilan unguwarsu, wannan mai surutun da ke ɓata wa manaja lokaci, shi kuwa doka ta riga ta karɓe ikonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gwamnan da ya saba jiran rahoto daga manajoji, waɗanda kowannensu ke gudun ya zama mai kawo mummunan labari, zai iya zama da zuciya fari tas yana kallon alƙaluma masu kyau alhali ɗakin ya cika da ruwa. Ban ga alamar mugunta a tare da mutumin nan ba. Abin da na gani shi ne ƙwarewar da ta ɗaga shi a kamfani ta koya masa inda zai duba, ba ta koya masa wanda zai saurara ba, kuma ina ji maka tsoron haka don kai ma can ka yi wayo.

A watan Janairun 2016 ya tsaya gaban majalisar jiha ya nemi gafarar mutanen Flint, kwamitin da shi da kansa ya kafa kuma ya ɗora mafi yawan laifin a kan gwamnatin jihar. Bayan ya sauka a farkon 2019, jihar ta amince ta biya diyyar dala miliyan 600, ninkin ba ninkin abin da aka so a tattala. A 2021 aka gurfanar da shi kan sakaci da aiki, a 2022 kotu ta kori ƙarar saboda yadda aka shigar da ita. Akwai kuma wata rana a watan Afrilun 2016 da ya shiga wani gida a Flint ya sha ruwan famfo da aka tace, ya yi alkawarin zai riƙa shansa har kwana 30. Kusan shekara biyu ke nan da ranar da aka juya ruwan.