Tuba Ba Ta Cika Sai An Maida Kayan Mutane

Ƴan'uwa masu karatu, ga tambaya. Mutum ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa, ya ce ya tuba, amma har yanzu shi ke noman wurin. Ya tuba ke nan?

Mu duba yadda Kiristoci ƴan Katolika suke yi, irin waɗanda ke ibada a babbar majami'arsu ta Maraɗi. Suna da manyan ibadu 7 da suke kira sakramenti. Ɗaya daga ciki ita ce furta zunubi. Mai laifi yakan je wurin fada, watau limaminsu, ya faɗi abin da ya aikata. Fada ba ya tona wannan asiri, ko da za a kashe shi. Amma in laifin sata ne, dole mai laifi ya ɗauki niyyar maida kayan. In ya ƙi, tubarsa ba ta karɓu ba.

Malamanmu na Musulunci ma haka suka ce: hakkin mutum ba ya faɗuwa sai an biya shi ko ya yafe. Dalili a fili yake. Hawayen ɓarawo ba ya cika rumbun wanda aka cuta.

Saboda haka, mutanen Safo, duk wanda ya matsar da gambar iyaka, ya maida ta wurinta kafin ruwan shuka.