Mudun Yau Ya Isa

Karatu: Fitowa 16:13-21

Shekara 40 Ubangiji ya ciyar da Isra'ilawa da manna a jeji, ba gona, ba rumbu. Kowace safiya mutum yakan tara abin da zai ci a yinin. Waɗansu suka ƙi jin maganar Musa, suka ɓoye saura. Gari na wayewa, sai ga tsutsa da ɗoyi.

Ƙaunatacce, tsoro ne ya sa su ɓoye, kada Allah ya manta da su gobe. Ba wannan tsoron ne ke hana ka barci ba? Kuɗin haya, kuɗin makaranta, tsadar masara. Kana leƙen kwanon maƙwabci har tuwon gabanka ya huce ba ka gode ba.

Tanadi ba laifi ba ne, Yusufu ma ya tara hatsi a Masar. Laifin shi ne dogara ga ajiya a manta da Mai Bayarwa. Yau, kafin ka roƙi kome, ambaci abu uku da Ubangiji ya yi maka, ka yabe shi da babbar murya.

Addu'a: Ya Uba, na gode don abincin yau. Ka cire mini tsoron gobe, cikin sunan Yesu. Amin.