Abubuwan Al'ajabi: Halittar Da Aka Yi Wa Idon Dutse

A kudu maso gabashin Maroko, a kewayen garuruwan Alnif da Arfud, akwai mutanen da abincinsu yake cikin fasa dutse. Sukan fasa su tarar da wata halitta da ta sandare ta koma dutse, da kanta da gaɓoɓinta har da idanunta. Wannan yanki na hamada a da can ƙarƙashin teku yake. Tsarki ya tabbata ga Mai jujjuya al'amura!

Masana suna kiran halittar tirilobait. 'Yar dangin ƙaguwa ce da kunama da fara, wato masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi. Ta bayyana a teku kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, ta ƙare ƙaf kimanin shekara miliyan 252 baya, kuma an gano jinsinta fiye da 20,000. Jikinta kashi uku ne, kai da ƙirji da wutsiya. A tsaye ma uku ne: tudu a tsakiya, faffaɗan gefe dama da hagu.

Daga cikin rukunanta akwai Fakofida, wanda Baturen Ingila John Salter ya raɗa wa suna a 1864, aka raba shi reshe uku: Kalimenina da Kerurina da Fakofina. A reshen Fakofina akwai gidan Fakofidai masu gaɓa 11 a ƙirji, waɗanda in sun ji haɗari sai su dunƙule kamar bushiya, kai ya haɗe da wutsiya, taushin ciki ya ɓuya.

Amma babban abin al'ajabin yana ido. Ƙwayar idonmu nama ce mai laushi, tasu kuwa da ma'adinin kalsayit aka gina ta, wanda shi ne tushen farar ƙasa. Galibin tirilobait ƙwayoyin idonsu ƙanana ne, cunkushe ƙarƙashin murfi guda. Na Fakofina kuwa manya ne, jere layi-layi, kowace da nata murfin da bangon da ya raba ta da maƙwabciyarta. Ɗabi'ar kalsayit ita ce raba haske biyu, har mai leƙawa ta cikinsa ya ga abu ɗaya ya zama biyu. Sai ga shi an daidaita kowace ƙwaya daidai kan fuskar da haske yake wucewa ba tare da ya rabu ba. Allahu Akbar!

A 1975, masana biyu, Euan Clarkson da Riccardo Levi-Setti, suka nuna cewa ƙwayar wasu jinsunan hawa biyu ce, kuma lanƙwasar da ke tsakani ta yi kama da ƙirar gilashin da wasu masana, Descartes da Huygens, suka zana a ƙarni na 17 don kawar da dishi-dishi. Wani jinsin ma, Erbenochile, idonsa dogo ne a tsaye, da 'yar rumfa a samansa mai tare hasken da ke saukowa.

Duk da wannan ƙira, Fakofida ta shuɗe kimanin shekara miliyan 359 da suka wuce, tun babu ɗan Adam da zai gani ya yaba. Wanda ya ƙera idon ba ya bukatar yabon kowa kafin ya kyautata aikinsa, kuma kyawun halitta bai hana ajalinta zuwa ba. Mu da aka ba ido da hankali, Allah ya sa mu duba mu yi tunani, mu gode.