AMANAR IDO TSAKANIN MALAMI DA ALMAJIRI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya yi mana baiwar gani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, a kowace unguwa ta Agadas akwai tsoho ko tsohuwa da yana ta rufe wa ido, jika na jan su da sanda zuwa masallaci. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali kuwa aiki ne na ɗan lokaci: a cire ƙwayar da ta dushe, a sa ta roba, mutum ya sake ganin Alƙur'aninsa. Amma hannun da zai yi wannan aiki ba a haihuwarsa da gwaninta. Sai ya koya, kuma a kan idon ɗan Adam zai koya. To, a kan idon wa? Kuma in an yi kuskure, alhakin yana wuyan wa?

Malamanmu sun sanya likitanci cikin farilla ta kifaya. Imamu Gazali ya ambaci haka a littafinsa Ihya'u, ya kuma koka da garuruwan da malaman fiƙihu suka yi yawa amma babu likita Musulmi. Magabata kuwa ba su raina ido ba. Wajen shekara ta 1000 Miladiyya, Ammar ɗan Ali, mutumin Mausil, ya ƙera allura mai rami wadda yake zuƙe yana da ita, ya rubuta yadda yake yi domin na baya. A nan kusa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi a kan maganin ido. Da sun ɓoye abin da suka sani, da an binne shi tare da su.

A zamaninmu, yaro yakan yi karatun likita a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ya ƙara shekaru yana koyon ido, wasu har cibiyar ido ta Bamako wadda aka kafa a 1953. Sai a turo shi Agadas, fiye da kilomita 900 daga Yamai, marasa lafiya suna zo masa daga Ingal da Arlit da Bilma. Takarda na hannunsa, amma takarda ba ta riƙe wuƙa. Yana bukatar babba da zai tsaya a kansa.

Abin da ke kan babban likita shi ne ya bi da ƙaramin daki-daki: ya fara da kallo, sannan taimako, sannan ya yi sashen aikin da ba shi da haɗari, malamin na tsaye a shirye ya karɓa. Wanda ya hana almajiri taɓa aiki don tsoron kada ya fi shi, ya ɓoye ilimi, kuma hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani a kan haka. Wanda kuma ya sakar wa almajiri idon talaka ya tafi harkarsa, don talakan ba shi da mai tsaya masa, ya ci amana. Ma'aunin mai sauƙi ne: da idon mahaifiyarsa ne, zai bar wannan hannu ya taɓa shi yau? Kuma haƙƙin mara lafiya ne a gaya masa wanda zai yi masa aiki.

Almajiri shi ma yana da nasa. Shari'a ta ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani ba da sani ba. Saboda haka faɗin "ban iya ba tukuna" ibada ce, tura mara lafiya ga wanda ya fi shi kuwa ba kasawa ba ce. Neman ƙarin ilimi da ɗaukaka halal ne, ko a Yamai ko a ƙasashen waje, amma ya tuna da jama'ar da ya koya a kan idanunsu, kada ya tafi bai bar magaji ba.

Muna da abin koyi a garinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya biyo malaminsa Jibrila ɗan Umaru har Agadas. Daga baya ya saɓa masa a kan mas'alar kafirta mai saɓo, amma bai daina girmama shi da ambaton falalarsa ba. Haka ya kamata likitoci su zama: ƙarami ya zo da sabuwar dabara cikin ladabi, babba ya saurara ba tare da girman kai ba.

Mu kuma jama'a, kada mu kai iyayenmu wurin masu tura yana cikin ido da tsinke, domin da yawa sukan rasa idon gaba ɗaya. Mu girmama likitan da ya yarda ya zauna da mu, mawadatanmu su ɗauki nauyin karatun ƴaƴanmu. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar kogi. Wannan aiki ne na shekaru masu yawa, wanda wani ya miƙa wa wani har ya kammala.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a hannun likitocinmu, ya haskaka idanunmu da zukatanmu. Amin.