Haƙurin Damo Ba Yarda Ba Ne

Masu iya magana sun yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya san dalili. Ba ya kuka, ba ya gurnani. In an matsa masa sai ya kumbura jiki, ya yi huci, ya kai bulala da wutsiya, in abin ya fi ƙarfinsa ya lafe. To, wannan damo da yaranmu ke bi da karnuka a bayan gari, ya zama abin kiwo na sha'awa a biranen Amurka da Turai. Tambayar da muke so mu tattauna da mai karatu ita ce: shin daidai ne mutum ya tsare irin wannan halitta a ɗakinsa don kawai tana burge shi?

Bari mu fara da yadda yake isa can. Daga Gana da Togo da Benin ake fitar da 'ya'yan damo dubbai a kowace shekara, bisa takardun izini na yarjejeniyar cinikin namun daji da aka ƙulla a birnin Washinton a 1973. Mafarauta kan kamo matan da ke ɗauke da ƙwai, ko su tono ƙwan daga rami, a jira su ƙyanƙyashe. Mai saye a can yakan ga ɗan abu da bai wuce tafin hannu ba cikin akwatin gilashi, ya biya kuɗi kaɗan ya tafi da shi. Sau da yawa bai san cewa abin nan zai kai kusan mita guda ba.

A dajinmu damo yana da raminsa, yana da ranar da ke gasa masa jiki kowace safiya. Da damina yakan yi yawo yana cin gyare da fara da kunama da ƙadandoniya da dodon koɗi, kamar yadda wani Bature ɗan Ingila, Daniel Bennett, ya tabbatar a binciken da ya yi a Gana cikin shekarun 1990. Da rani kuwa sai ya shige rami, ya yi watanni kusan ba ci. A cikin akwati fa? Ana ɗura masa ɓeraye rani da damina har kitse ya yi masa illa, ga ɗaki mai sanyi, ga babu ƙasar tono. Shi kuwa damo ba ya ɗumama jikinsa da kansa. In ya rasa zafi sai ya kwanta lamo, a ɗauke shi a ajiye bai motsa ba. Ubangidansa sai ya yi murna, wai ya saba da shi, alhali kuwa dabbar tana ciwo ne. Da yawansu haka suke mutuwa tun ba su girma ba.

Wani zai ce ai mu ma muna kiwon tantabara da kyanwa. Gaskiya ne, amma waɗannan sun yi dubban shekaru tare da ɗan Adam. Kullum ana buɗe wa tantabara ɗaki ta tashi, ta kuma dawo don kanta. A buɗe wa damo ƙofa a gani. Wani kuma zai ce mu da ke cin namansa, muna jeme fatarsa, ina muka ga bakin magana? Wannan ma abin dubawa ne, domin hannunmu ba a wanke yake ba. Sai dai maharbi bai taɓa cewa yana ƙaunar damo ba. Wanda ya ce ƙauna ce ta sa ya ajiye shi, ya ɗauki amana ke nan, ita kuwa amana ana tambayar ta. Mun san labarin matar da Hadisi ya ambata, wadda aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Ba muna cewa kiwon ya haramta gaba ɗaya ba ne. Akwai wasu ƙananan dangin damo 'yan asalin Ostireliya da ba su cika wuce santimita 70 ba, waɗanda ake hayayyafarsu a hannun masu kiwo, ba daga daji ake kwaso su ba. Wanda ya tanadar musu fili mai faɗi, da ƙasa mai zurfi, da fitila mai zafin gaske, da ƙwari masu rai, ya kuma ɗaura niyyar yin haka fiye da shekara 10, ba mu ga laifinsa ba. Sharaɗin dai guda ne: duk abin da ka raba halitta da shi, wajibinka ne ka mayar mata da madadinsa. In ba za ka iya ba, ka bar ta inda Mahaliccinta Ya ajiye ta.

Daga ƙarshe, ya mai karatu, wannan magana ba ta tsaya kan damo ba. A gidajenmu akwai 'yar aikin da ba ta taɓa ɗaga murya ba, akwai almajirin da ke yi mana wanke-wanke yana sunkuyar da kai. Mukan yaba haƙurinsu, mu ce ai suna jin daɗin zama da mu. Ya kamata mu riƙa bincikar abin da ke bayan shirun nan, tun da wanda ba shi da bakin ƙorafi ba zai faɗa mana ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da Ya sanya a ƙarƙashinmu, amin.